Fasinjan Hubbare

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon Jelani da ya sa Balkisu a idonsa, alhali daga tasharsu ta masu agwagwa da buje, wato keke mai ƙafa uku, zuwa ƙofar gidan su Balkisun a Tudun Wada, ko tayar da keken ba sai ka yi ba, turawa ma ta isa.

Korona ce ta shiga tsakani. Ko kuma a ce korona ce ta ba mahaifinta dalilin da ya daɗe yana nema.

Ranar Talata bayan azahar Jelani ya ajiye kekensa a inuwar dogon yaro, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa, ya kira ta. Bugu ɗaya ta ɗauka, kuma tun kafin ta yi magana ya ji shassheƙa.

"Haba Balki. Kati na sa don in ji muryarki, sai ki kunna min famfo?"

"Kai komi wasa ne gare ka."

"To na daina. Mi ya faru?"

"Baba ya ce Juma'a ta sama mutanen Abdulrasheed za su zo bayan la'asar. Ya ce ran nan zai ba su amsa."

Jelani ya gyara zama. Bakin nan nasa da ba ya rasa abin faɗa, sai ga shi ya tsaya cak kamar keken da mai ya ƙare masa a tsakiyar shataletale.

"Amsa yac ce, ko ke yac ce zai ba su?"

"Amsa. Amma wace amsa kake zato, Jelani? Inna tun jiya take gyaran ɗaki. Kullum sai ta zaunar da ni ta ce min so ba ya hana mutum tari. Na ce mata ni kai nike so, ta ce to in je in auri numfashin Sakkwato duka." Ta fashe da kuka sosai. "Wallahi ko tuwo ban iya haɗiyewa. In na ji ƙarar keke a waje sai in tashi tsaye, sai in tuna an hana ka zuwa."

Wannan magana ta numfashin Sakkwato daga bakin Malam Illo ta fito, mahaifin Balkisu. Dattijo ne mai shagon turare da carbi da littattafai a bakin Hubbare, kuma yana fama da ciwon sukari. Tun da likita ya ce masa cutar nan ba ta wasa da irinsu, ya aika saƙo ta bakin matarsa Inna Dije cewa kada ya sake jin ɗan keken nan ya tsaya masa a ƙofar gida. Mutumin da ke kwasar numfashin gari tun safe har yamma, me zai kawo masa in ba ajali ba?

Abin dariyar, Malam Illo bai taɓa ganin fuskar Jelani ba. Shekara guda yana zuwa zance, amma duk ranar da ya hango dattijon ya karyo kwana, sai ya faɗa lungu kamar wanda ya ga dodo. Kunyar suruki ce, ba wani abu ba.

Shi kuwa Abdulrasheed ma'aikacin ofis ne, yana da mota mai sanyi, kuma tun da cutar ta shigo ya kawo wa Inna Dije kwali guda na sanitaiza. Daga ranar ta daina kiran sunansa, sai dai "yaron kirki".

"Ba shi ke kai Baba shago ba yanzu?" Jelani ya tambaya.

Balkisu ta ja hanci. Sai ya ji kamar dariya na neman ƙwace mata a cikin kukan.

"Sun ɓata yau."

"Allah ya ƙara. Ba ni labari."

"Kullum in Baba zai shiga motar sai ya fesa masa magani a hannu, Baba bai ce komi ba. Yau sai ya fesa wa hular Baba, ya karɓi carbinsa ya fesa. Da Baba ya sauka, ya waiga, sai ya ga yana feshe kujerar da ya tashi, har da toshe hanci. Baba ya ce shi ba sauro ba ne. Gobe keke zai hau."

"Ƙarfe nawa yake fita?"

"Bakwai da rabi. Jelani, mi kake shirin yi?"

"Sana'ata. Ni ba ɗan keke ba ne?"

"Kar ka ja mana abin da ya fi wanga."

"An hana ni ƙofar gida, Balki. Ba a hana ni titi ba."

*

Duk wanda ya san Sakkwato kafin cutar nan, ya san yadda ake hawan agwagwa da buje. Huɗu a baya, ɗaya a cinyar ɗaya, biyu a gaba sun sa direba a tsakiya kamar tsire, ga buhun albasa a ƙafa, ga akuya tana leƙe. Yanzu kuwa ƙungiyar masu keke ta ce mutum biyu tal, kowa ya manne da nasa gefen, ba mai zama kusa da direba. Masu kabu-kabu sun shiga uku, don mutane sun fara ƙyamar manna ƙirji a bayan wani. Ma'aikata da yawa sun zauna gida, makarantu a rufe, wasu sun koma tafiyar ƙafa. In fasinja ya yi atishawa a cikin keke, na kusa da shi sai ya tuna ashe nan ne inda zai sauka.

Jelani ya yi wa kekensa shiri tun da asuba. Ya wanke kujera da omo, ya ɗaure farar leda tsakaninsa da baya, ya rataya kwalbar sanitaiza da igiya don kada ta bi wani gida. Abu ɗaya ya rage. A bayan keken, da jan fenti, an rubuta SAI BALKI. Ya tsaya yana kallon rubutun kamar zai yi kuka, sannan ya manna masa takardar nan mai cewa a riƙa wanke hannu.

"Ki yi haƙuri," ya ce wa keken. "Na kwana tara ne."

Bakwai da rabi daidai Malam Illo ya fito bakin titi, da farar riga, da takunkumi har ƙarƙashin ido, da sanda. Keke biyu sun tsaya masa ya kore su da sandar, ɗaya don direban ya rataya takunkumi a kunne ɗaya, ɗaya don akwai mai tari a ciki.

Jelani ya ja nasa takunkumin har ya kusa rufe masa ido, ya gangaro a hankali.

"Ina kwana, Baba."

Dattijon ya leƙa. Ya dubi ledar, ya dubi kwalbar, ya shafa kujerar da ɗan yatsa ya duba.

"Mutum nawa kake ɗauka?"

"Biyu, Baba."

"Ko babu 'yan ƙungiya bisa hanya?"

"Ko babu."

"Hubbare," in ji Malam Illo, ya shiga ya lafe a gefe.

Tun ranar farko dattijon ya naɗa kansa mai tantance fasinja na biyu. In wani ya ɗaga hannu, sai ya leƙo ya ƙare masa kallo.

"Wanga hancinai na zuba. Wuce."

"Wagga hwa, Baba?"

"Wagga lahiya lau take. Ɗauke ta."

Da suka kai Kanwuri ya tambayi sunansa. Jelani ya ƙara gyara takunkumi.

"Na-Mairo ake ce min, Baba."

Bai yi ƙarya ba. Mairo sunan mahaifiyarsa ne, kuma a tasha ba mai kiransa da wani suna sai wannan. Bai dai faɗi gaskiyar duka ba.

"To Na-Mairo, gobe ma ka zo. Da yamma kuma ka ɗauko ni."

*

Rana ta uku ne Malam Illo ya saki baki.

"Na-Mairo, ku masu keken ga, akwai 'yan iska cikinku."

"Ba a rasa ba, Baba."

"Akwai wani da ya liƙe wa ɗiyata. An ce baki gare shi awa rediyon da anka manta ba a kashe ba."

Keken ya ɗan yi tangal-tangal. Jelani ya ce rami ne.

"An ce in ya hango ni sai shi ruga. Mai gaskiya na gudu?"

"Wataƙila kunya ce, Baba."

"Kunya ko rashin gaskiya. An ce kuma muni gare shi. Kunnuwa awa na jaki."

Jelani ya ji kunnuwan sun ɗau zafi a ƙarƙashin igiyar takunkumi. A tasha, wanda duk ya taɓa shi da magana ɗaya sai ya karɓi goma. Yau ga shi ana yanka shi a cikin kekensa, da mansa, yana cewa "Allah ya kyauta, Baba."

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Wata rana a ce ɗan keken malalaci ne, wata rana a ce ba ya wanka. Jelani ya koma gida ya tsaya gaban madubi yana jan kunnuwansa yana auna su.

Ranar Litinin, wajen Marina, wani mai babbar riga ya tare su alhali keken na da mutum biyu. Bai jira komi ba ya ɗora ƙafa zai zauna kusa da direba.

"Alhaji, an cika."

"Ina anka cika? Ga wuri nan. Babu mai gani, ka ja mu tahi, ina sauri."

"Wurin ga na da mai shi, Alhaji."

"Wane ne?"

"Korona. Tun sahe ta kama shi, ban so ku yi rigima."

Matar da ke baya ta tuntsire da dariya. Mai babbar riga ya sauke ƙafarsa yana zage-zage har suka ɓace. Malam Illo kuwa carbinsa kawai yake ja.

Washegari kuma, a shataletalen Mai Ruwa, wata mota mai baƙin gilashi ta matso gefensu. Gilashin ya sauka daidai faɗin yatsa biyu. Abdulrasheed ne, da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya.

Jelani ya sunkuyar da kai yana karanto duk addu'ar da ya iya. Ashe wahalar banza ya yi. Abdulrasheed bai taɓa kallon fuskar mai keke ba tun da aka haife shi, ba yau zai fara ba.

"Baba, don Allah ku sauko daga cikin abin nan," ya ce ta tsagar gilashin. "Waɗannan mutanen su ke yawo da cutar. Ku shigo in kai ku."

"Maganin sauron ya ƙare?" in ji Malam Illo.

"Baba, ai don lafiyarku ne."

"Na gode. Na-Mairo, hanya ta buɗe."

Jelani ya murɗa totur da wani irin daɗi da bai ji ba tun ranar da Balkisu ta fara ba shi lambarta.

*

Ranar Laraba da yamma, bayan Jelani ya sauke dattijon a bakin layi an ɗan jima, ya kira Balkisu yana washe baki. Ya zaci zai ji murna. Muryarta a dashe take.

"Baba ya shigo yana yabon Na-Mairo," ta ce. "Ya ce da duk masu keke haka suke, da cutar ba ta samu abin hawa ba. Ya ce da yana da wata ɗiya da ya ba shi."

"To ki ce masa wagga ɗin ma ta isa."

"Jelani, ban son wasa."

Ya daina washe baki, ya kasa kunne.

"Ina zaune ina ba shi ruwa yana yabonka, ni kuma na shina ko wane ne, na yi shiru. Kamar ina cikin masu yi masa dariya. Baba ne hwa. Tun ina ƙarama bai taɓa ɗaga min murya ba. In ya ji daga bakin wani, zai ce ni da kai munka haɗa baki munka mai da shi abin wasa. Ran nan ko Abdulrasheed bai same ni ba, kai ma ba ka samu na."

"Balki, saura kwana biyu. In na faɗa masa yanzu ya sauka ya kore ni da sanda, shi ke nan."

"In ba ka faɗa ba hwa? Juma'a ta zo, ya ba su amsa, kai kana nan kana Na-Mairo. Sai ka zo ka ɗauki amarya da kekenka ka kai ta gidan wani." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ni na gaji. Inna na ja na nan, kai kana ja na can. In za a raba mu, a raba mu da gaskiya, in san abin da nike wa kuka."

"Ki share hawayenki."

"Ban sharewa."

"To ki bar min kaɗan, ni ma zan buƙata gobe."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da majina, ta kashe wayar.

*

Alhamis ta waye da hadari a gabas, iska mai sanyi na kaɗa ledar keken. Jelani ya shirya maganarsa tun a gida, ya maimaita ta sau bakwai. Malam Illo na shiga, duk ta zube.

"Yau kar ka ɗauki kowa," in ji dattijon. "Magana gare ni."

Sun wuce Tsohuwar Kasuwa kafin ya ci gaba.

"Ka shina gobe zan ba mutane amsa kan ɗiyata. Uba ba ya ba da ɗiya, ba ya kuma hana ta, sai ya yi bincike. Na binciki mai mota, na ji abin da na ji. Saura ɗan keken. Jelani sunanai. Tasharku ɗaya, an ce. Ka shina shi?"

Jelani ya rage gudu.

"Na san shi, Baba."

"Madalla. To kai zan tambaya, don na yarda da kai. Abin da duk kac ce, shi zan yi. In kac ce mutumin kirki ne, gobe in sallami masu mota. In kac ce a'a, shi ke nan. Yaya halinai?"

Ga Balkisu an ɗora masa a tafin hannu. Kalma uku kawai zai faɗa. Mutumin kirki ne. Ba wanda zai ji, ba wanda zai sani sai an ɗaura, kuma ai ba ƙarya ba ce can-can, don shi dai a nasa ganin bai da wani mugun hali. Bakinsa har ya buɗe.

"Yana da surutu, Baba," ya ji kansa yana cewa.

"Na ji wannan."

"Yana da tsokana. Bai yi boko mai zurfi ba. Keken ma da yake ja, bara ya gama mallakarsa. Ɗaki biyu gare shi a gidan kawunsa, ɗaya na yoyo."

"Sallah hwa?"

"Yana yi. Asuba ce wani lokaci sai an buga masa ƙofa."

"Gaskiya hwa? Yana da ita?"

Jelani ya kunna sigina, ya gangara gefen titi kusa da wani masallaci, ya kashe keken. Ya fito, ya zagayo ta gefen dattijon, ya ja baya taku uku, ya durƙusa a ƙasa. Sannan ya sa hannu ya sauke takunkumin.

"Nan ne ya gaza, Baba. Kwana tara yana ɗaukar ku da sunan da ba shi kuka sani ba. Ni ne Jelani. Balkisu ba ta da laifi, ta hana ni, jiya ma kuka ta yi ta yi. Ku yi min duk hukuncin da kuka ga dama."

Ya sunkuyar da kai yana jiran sanda.

"Mai da abin ga bisa hancinka," in ji Malam Illo. "Kashe ni kake son yi?"

Jelani ya mayar da sauri.

"Yanzu dibi ƙahwahunka."

Ya duba. Ƙafafunsa tsirara a kan ƙasa. Takalman suna can gaban keke, a gefen birki, inda yake tuɓe su duk lokacin da dattijon zai shiga. Shi a zatonsa daga kujerar baya ba a hango ƙafar direba.

"Shekara arba'in ina hawan abin hawa garin ga," in ji Malam Illo. "Ban taɓa ganin direban da ke tuɓe takalmi don hwasinja ba. Na ba ka goro, ka riƙe a hannu har Hubbare ba ka ci ba. Rana na dukanka, ga ruwa gabanka, ba ka sha in ina ciki. Wa ke wannan in ba mai neman ɗiyar mutum ba? Tun rana ta biyu na gane ka."

Jelani ya ɗago, baki buɗe a bayan takunkumi.

"To Baba, zagin nan duka..."

"Bincike na." Idanun dattijon sun ƙanƙance, kafaɗunsa na rawa. "Wa zai ba ni labarinka da ya hi wanda na gani da idona? Na zage ka kwana bakwai, ban ji ka yi tsaki ba. Na ga ka hana mai babbar riga wuri babu mai kallonka. Saura ɗai in gani ko za ka sayi ɗiyata da ƙarya in an yi maka arha. Da ka yabi kanka yanzu, da gobe masu mota sun tahi da ita."

Jelani ya share gumi da hannun riga.

"Amma Baba, maganar kunnuwa..."

"Wannan ba bincike ba ne. Gaskiya ce."

Dariya ta ƙwace wa Jelani har ya dafa ƙasa. Dattijon ma ya juya kai gefe yana gyara hula.

"Saurara. Masu mota amsa na yi musu alkawari, ba ɗiya ba, kuma za su same ta bayan la'asar. Kai ka turo naka kahin a tahi masallaci. Mutum biyu, da takunkumi, su zauna zaure nesa da ni. Wa gare ka?"

"Kawu Muntari, Baba. Da limamin layinmu."

"Sun isa. Dije kuma zan kira ta yanzu in ce ta shimhiɗa tabarma. Ita ce dai ban yi maka alkawari ba. Shekara talatin ina zaune da ita, ban taɓa cin gardama ba sai in ta gaji. Tashi ka kai ni shago, hantsi ya yi."

*

Jelani bai san yadda ya dawo Tudun Wada ba. Ya dai san ya gaida wani ɗan sanda da bai tare shi ba, ya kuma yi wa wata akuya hon na gaisuwa. Gidan Kawu Muntari ya nufa, wanda ba shi da nisa da gidan su Balkisu, yana dab da shiga layin wayarsa ta yi ƙara.

"Jelani." Balkisu ce, numfashinta sama-sama, kuka da dariya sun cakuɗe. "Baba ya kira. Mi ka yi masa? Ya ce gobe... ya ce mutanenka..."

"Tun rana ta biyu ya gane ni, Balki. Tsohon nan ya fi ni iya tuƙi."

"Alhamdu lillahi." Sai ta rage murya. "Amma Inna ta yafa mayafi ta fita. Ta ce shago za ta, ba ta dawowa sai Baba ya janye maganar. Ka san in ta zauna masa a kai tun safe har yamma..."

"Da mi ta tafi?"

"Keke za ta hau."

Jelani ya ɗaga kai. Can bakin titi, a mahaɗar layin, wata mace mai koren mayafi na tsaye tana ɗaga hannu da ƙarfi. Keke ya zo da mutum biyu ya wuce. Wani ya zo, biyu, ya wuce. Na uku ko rage gudu bai yi ba. Ga yayyafi ya fara sauka.

"Balki, kashe wayar. Na samu fasinja."

Ya gangara ya tsaya a gabanta. Inna Dije ta riƙe ƙarfen keken tana haki.

"Hubbare, ɗan nan. Ka yi sauri don Allah. Wani ɗan keke za a ba ɗiyata, za ni in hana."

Jelani ya fito ya durƙusa a cikin yayyafin.

"Ina kwana, Inna. Ni ne ɗan keken."

Ta saki ƙarfen kamar ya ƙone ta. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta dubi titi, hagu da dama. Keke biyu suka sake wucewa, kowane da mutum biyu a ciki. Ruwan ya ƙara ƙarfi, mayafin ya fara manne mata a kafaɗa.

Ta yi ƙwafa, ta tattare zaninta, ta shiga ta zauna can ƙarshen kujera.

"Ja mu tahi. Kuma kar in ji bakinka."

"To, Inna."

Daga Tudun Wada zuwa Hubbare, in an bi hanyar da kowa ke bi, minti ashirin ne. Jelani ya tayar da keken, ya saki murmushin da takunkumi ya rufa masa asiri, ya karya kan agwagwarsa ta hanya mai nisa.